Yaya Aka Auna Tauraron Da Babu Wanda Ya Taɓa Shi?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya aiko yana cewa ya ji an ce akwai tauraron da cikin cokali guda nasa ya fi mota nauyi. Wai wa ya ɗora shi a sikeli?

To Malam, babu wanda ya ɗora shi, amma an auna. Ka san Shi'ira, tauraron nan da aka ambata a Suratun Najmi, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare. A 1844 wani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya lura cewa tafiyar Shi'ira ba a miƙe take ba, tangaɗi yake yi. Kamar dai ƙato ya riƙe hannun yaro suna juyi a duhu: ko ba ka ga yaron ba, rangajin ƙaton zai gaya maka akwai mai jansa. Bessel ya ce lalle akwai abokin tafiya a ɓoye, ya kuwa rasu bai gan shi ba. Sai a 1862 wani Ba'amurke, Alvan Clark, yana gwada sabon madubin hangen nesa, ya hango ɗan ɗigon.

Su biyun suna kewaya juna ne cikin shekara 50. Da tsawon wannan lokaci da faɗin kewayen aka yi lissafi, aka ga nauyin ƙaramin ya kai na rana.

Saura girmansa, kuma nan ne abin ya ɗaure kai. Haskensa bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na Shi'ira ba, don haka aka zaci ya huce. A 1915 Walter Adams ya binciki launin hasken a Kalifoniya, sai ga shi fari fat. Tambayi maƙeri: ƙarfen da ya yi fari a wuta ya fi ja zafi. Abu mai zafi haka, amma haskensa kaɗan, ashe ƙanƙane ne. Lissafin yau ya nuna bai ma kai duniyarmu girma ba. Shi ya sa ake kiran irinsa farin wada. Nauyin rana ke nan aka cusa a jikin duniya, har cikin cokalin shayi ya haura tan 10, wato buhu 100 na masara.

Kada ka ɗauka ba a yi tuntuɓe ba. Einstein ya ce haske kan ɗan sauya launi in ya fito daga abu mai nauyi ƙwarai. A 1925 Adams ya auna sauyin, ya sami daidai abin da masani Eddington ya yi hasashe, aka yi ta murna. Ashe su biyun duk sun kuskure, hasken babban tauraron ya gauraya da na ƙaramin. Sai a 1971 aka gano sauyin ya ninka nasu kusan sau huɗu, madubin Hubble kuma ya tabbatar a 2005.