Hularmu a Kurmi: inda ake cirewa da inda ba a cirewa

 Yau kan hula zan ɗan yi tsokaci, don na lura yaranmu da aka haifa a nan sun ɗauke ta kayan ranar Sallah kawai, alhali kuwa tana da dokoki, kuma dokokin sun bambanta daga wannan gari zuwa wancan.

A gida Arewa ladabi a ƙafa yake, ba a ka ba. In za ka shiga gaban sarki ko malami ko suruki, takalmi za ka tuɓe tun daga nesa, ka durƙusa, amma hularka tana kanka. Wanda ya shiga zauren manya kai ba hula, to ko dai yaro ne, ko kuma a ce ba shi da kintsi. Bature kuwa da ya zo, nasa ladabin akasin haka ne, ya cire malafa ya bar takalmi. Kakanninmu da suka biyo fataucin goro da shanu, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai suka tarar da wata doka ta uku a ƙasar Yarabawa. A gaban Oba namiji kan cire hula ya kwanta rub da ciki. Wannan kwanciya ita ce malamanmu ba su taɓa yarda da ita ba, suna cewa goshin Musulmi Allah kaɗai ake kai wa ƙasa. Da aka keɓe unguwar Sabo a Badun a 1916, Bahaushe ya samu inda zai gaida nasa sarkin irin gaisuwar gida, da rawani da hula da jinjina, in ya je fadar masu gari kuma ya rusuna iyakar abin da addini ya yarje masa.

Abin sha'awa, Yarabawa da kansu fila suke ce wa hula, kuma masana harshe da dama na ganin daga bakinmu suka aro kalmar. Dubi kuma abeti aja tasu mai kunnuwa biyu, ka ajiye ta kusa da haɓar kada ta mutanen da, sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su.

Inda ya kamata a yi hattara sosai shi ne ƙasar Ibo, kan jar hula. A wurinmu dara tsohuwar haja ce, fatake ke kawo ta ta hamada daga Tunis da Tarabulus, ana naɗa rawani a kanta, kuma duk mai kuɗin saye yana iya sawa. Malam Aminu Kano ya sa ta, yau kuma ta zama alamar Kwankwasiyya. A can Gabas ba haka ba ne. Jar hula ta masu sarauta ce, waɗanda suka kashe dukiya suka shiga sahun dattawan gari, kuma ɗan gari da ya ɗora ta ba tare da ya cancanta ba, ana iya tuɓe masa ita a bainar jama'a. Turawa ma da suka ƙirƙiri sarakunan takarda a yankin, hula suka riƙa ba su shaidar muƙami. Shi ya sa a boren matan Aba na 1929, da mata suka taso wa Okugo na garin Oloko kan zancen ƙidaya da haraji, abin da suka nace a miƙa musu shi ne hularsa, aka kuma miƙa. Saboda haka ɗan kasuwarmu na Onica ko Inugu, in an gayyace shi taron gari, gara ya bar jar a gida ya ɗauki ƙube ko Zanna Bukar. Ita wannan ana danganta sunanta ne da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Barno, minista a Jamhuriya ta Farko.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son faɗa ba. Hula ita ce ke nuna mu tun daga nesa. A rikicin 1966, da na Shagamu a 1999, da na Idi Araba a 2002, da na kasuwar Sasa a 2021, mutum kan cusa hularsa a aljihu kafin ya ratsa wata unguwa, kamar yadda baƙin Arewa su ma kan nemi kaftani da hula in wuta ta tashi a can. Ni ban ga laifin wanda ya yi haka ba, rai ya fi kwalliya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an zauna lafiya amma saurayi na jin kunyar sa ta, wai kada a kira shi aboki ko mola a cikin mota.

Ga ƙananan dokoki da ba su canja ba ko a Agege ko a Fatakwal. Ba a fizge wa mutum hula ko da wasa, sai dai tsakanin jika da kaka ko abokan wasa. Ba a tura ta ƙeya a gaban manya, wannan sai 'yan tasha. Ango ba ya zuwa gaida surukai kai sake. Ita kuwa hular Turawa mai baki da samari suka fi so, tun farko iyayenmu suka raɗa mata hana sallah, don sai an juya ta baya kafin goshi ya taɓa ƙasa, kuma har yau a masallatan Sabo za ka ga dattijo ya miƙa hannu ya juya wa yaron da ke kusa da shi kafin a tayar da iƙama.