Ƙashin dunduniya: gyaran ƙashi daban, warkewar fata daban

Ka san da can likitoci gudun yi wa karyayyen ƙashin dunduniya tiyata suke? Fatar wurin siririya ce, jini bai wadace ta ba, sai yankan ya yi ruwa. A 1948 Ivar Palmer na Suwidin ya bayyana hanyar buɗe gefen ƙafa a gyara ƙashin. Daga baya aka faɗaɗa yankan kamar harafin L: ƙashi ya daidaita, fata ta sha wuya. A 1999 wani bincike a Amurka kan karaya 190 ya gano kusan ɗaya cikin huɗu yankansu ya samu matsala, musamman masu shan sigari, masu ciwon suga, da waɗanda ƙashi ya huda fata. Shi ya sa yau likita zai ce ka ajiye sigari, a jira kumburi ya sauka. Ba jan rai ba ne, ƙafarka yake tsarewa.