Ɗanƙwairo da 'Yan Amshinsa

Gabatarwa

Idan ana zancen waƙar baka a ƙasar Hausa, sunan mutum ɗaya ake kamawa. A ce waƙar Narambaɗa, ko ta Shata, ko ta Ɗanƙwairo, kamar dai mutum guda ne ya tsaya ya rera ta shi kaɗai. Amma wanda ya kasa kunne sosai ya san akwai waɗansu muryoyi a bayan jagora, waɗanda in an cire su waƙar ba za ta tsayu ba. Manufar wannan lacca ita ce duba matsayin waɗannan mutane, watau 'yan amshi, ta hanyar bin tarihin ƙungiyar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wadda ta yi fice wajen haɗa murya.

Asalin ƙungiyar

An haifi Musa a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, wajajen 1909. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne wanda daga baya ya zama makaɗin Sarkin Maradun. An ruwaito cewa laƙabin Ɗanƙwairo na wani yaron mahaifin ne mai zaƙin murya, aka laƙaba wa Musa saboda tasa muryar ta yi kama da ta wancan. Ashe ko sunan da duniya ta san shi da shi, daga mabiyin makaɗi ya gaje shi.

Musa bai fara da jagoranci ba. Ya yi wa mahaifinsa amshi, sa'an nan ya zauna ƙarƙashin wansa Abdu Kurna a matsayin Daudun kiɗi, watau mataimakin shugaban ƙungiya, kafin ya ja tasa tawagar. Ya zauna da 'Yandoton Tsafe Aliyu, inda ya yi waƙar nan da aka sani da "Shirya Kayan Faɗa". Daga nan ya shiga yi wa Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello waƙa, ciki har da "Mai Dubun Nasara", har zuwa kisan Sardauna a Janairun 1966. Bayan haka ya yi wa sarakuna da dama, kamar Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero. Ya rasu a 1991.

Yadda suke haɗa murya

Makaɗan Hausa ba su zama ɗaya wajen aiki da 'yan amshi. Alal misali, a wurin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, aikin 'yan amshi shi ne maimaita gindin waƙa, shi kuwa ya yi ta zuba ɗiya yadda ya ga dama. A wurin Ɗanƙwairo abin ya wuce nan. Jagora yakan ɗauko magana ya kai ta rabi, sai 'yan amshi su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su yi masa rakiya, su bi muryarsa har ƙarshen ɗa. Wani lokaci kuma su yi ta miƙa wa juna magana, wannan ya ɗauka ya ba wancan, kotso yana tafe a ƙarƙashi. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ba waɗannan dabaru sunaye, kamar ƙari da rakiya da karɓeɓeniya da bayayyeniya.

Abu biyu ke fitowa daga wannan. Na farko, irin wannan waƙa ba a yin ta da ka a tsaye. Sai an zauna an tsara, kowa ya haddace, kowa ya san inda zai shigo, domin in mutum ɗaya ya makara ko ya yi gaggawa, magana ta karye a gaban sarki. Na biyu, tushen abin yana gona. A wurin gayya, makaɗi na bukatar muryoyi da yawa don waƙa ta kai ga manomin da ke can ƙarshen kunya, kuma bayar da murya da karɓarta yana tafiya daidai da saran fartanya. Manomin Gwaram ko na Birnin Kudu bai bukatar a yi masa bayanin wannan. Saboda haka, sa'ad da gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya soma watsa waƙoƙin fada, daga baya kuma kaset ya shiga kasuwanni, mutanen da ba su taɓa taka Maradun ba suka ji abin da kunnensu ya riga ya saba da shi.

Kwatanci da wata ƙasa

Baƙaƙen fatar Amurka suna da irin wannan al'ada ta jagora da masu karɓa, wadda ta bi ta waƙoƙin aiki da na coci har ta kai ga kiɗan da suke kira soul. Ƙungiyar Four Tops ta birnin Detroit, wadda ta yi tashe a kamfanin Motown, ta zauna da mutum huɗu ba canji fiye da shekara 40, har ɗayansu, Lawrence Payton, ya rasu a 1997. Jagoransu Levi Stubbs bai raba sunansa da na ƙungiya ba, kuma sunayen su huɗun suna rubuce. A nan bambancin yake. Ɗalibi a yau zai kawo sunan kowane ɗayansu cikin sauƙi, amma a tambaye shi su wane ne ke bayan Ɗanƙwairo a waƙar Sardauna, sai ya yi shiru.

Kammalawa

Tun daga shekarun 1990 fiyano da kwamfuta suka mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa, har mutum ɗaya yana iya yi wa kansa amshi. Gwanintar da sai an shekara ana zama tare ake samunta tana ƙaranci. Don haka akwai aiki a kan mutum biyu. Ɗalibin da zai rubuta waƙar fada ya nuna abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka ƙarasa, kada ya cuɗe su. Ma'aikacin gidan rediyo ko na hukumar al'adu kuwa ya nemi sunayen mutanen kowace ƙungiya daga iyalansu, tun dattawan da suka san su suna raye, ya rubuta a jikin abin da aka adana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma adalcin tarihi ne a ambaci sauran hannuwan.