Yadda Ranar Sayen Gida Ta Zama Ma'aunin Haraji a Kalifoniya

A Amurka, gwamnatin tarayya ba ta karɓar harajin gidaje da filaye. Aikin gunduma ne: ofishi ɗaya yana rajistar takardun mallaka, wani yana ƙiyasta darajar kadara, wani kuma yana tara kuɗin da ake tafiyar da makarantu da ayyukan 'yan kwana-kwana.

A shekarun 1970 farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo a jihar Kalifoniya, haraji ma ya bi sahu. Tsofaffi masu dogaro da fansho suka shiga fargabar rasa muhallinsu. Ranar 6 ga Yuni, 1978, masu zaɓe suka amince da Ƙuduri na 13, wanda Howard Jarvis da Paul Gann suka jagoranta. Ya tsayar da haraji a kashi 1 cikin 100 na darajar kadara, ya mayar da ƙiyasi kan farashin 1975, ya kuma hana ƙara ƙiyasin fiye da kashi 2 a shekara, sai in gidan ya sauya hannu ko an yi sabon gini.

Tun daga nan littafin rajista ya zama alƙali. Maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, wanda ya saya a bana yana iya biyan ninkin-ba-ninkin abin da daɗaɗɗen mazauni ke biya. An kai ƙara, amma a 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsarin bai saɓa wa kundin mulki ba.

Kuɗin shiga daga wannan haraji ya ragu da fiye da rabi a shekarar farko. Nauyin makarantu ya karkata zuwa gwamnatin jiha, iko kuma ya bi kuɗi.