Clara Etso Ugbodaga-Ngu: Malamar da ta koyar da "'Yan Tawayen Zariya"

Clara Etso Ugbodaga-Ngu mai zanen fenti ce kuma malamar fasaha, wadda aka haifa a Kano a 1921. Iyayenta 'yan asalin ƙasar Edo ne. Ta fara aikin koyarwa a makarantun mishan, sannan a 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ba ta tallafin karatu zuwa Landan. A can ta yi karatun zane a makarantar Chelsea, ta kuma samu takardar shaidar malanta daga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1955.

A wannan shekarar ce aka ɗauke sashen zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ugbodaga-Ngu ta kama aiki a sashen a lokacin da Turawan Ingila ne suka mamaye kujerun koyarwa, manhajar kuwa an kwafo ta ne daga makarantun zane na ƙasarsu. Ɗalibi zai kwashe shekaru yana nazarin gwanayen Turai, ba tare da an zaunar da shi a kan tagullar Binin, ko zanen uli na Ibo, ko adon bangon gidajen birnin Zazzau da ke kusa da shi ba.

Wannan giɓi ne ya sa wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da "'Yan Tawayen Zariya". Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, da kuma Bruce Onobrakpeya, wanda ya shahara a ɗab'in zane, wato a sassaƙa hoto a jikin katako ko ƙarfe, a shafa tawada, a buga shi a takarda sau da yawa. Aƙidarsu ita ce a haɗa dabarun Turai da gadon gida, a daidai lokacin da 'yan siyasa ke shirin karɓar mulkin kai na 1960. Littattafan tarihin fasaha sun cika da sunayen waɗannan maza. Malamar da ta tsaya a gabansu a aji, 'yar ƙasa kuma mace, akan ambace ta ne a layi ɗaya ko biyu a wuce.

Ayyukanta ba su cancanci wannan rowar ba. A 1958 ta yi baje kolin zanenta ita kaɗai a Cibiyar Commonwealth da ke Landan. Zanenta na 1960 mai suna "Abstract", wanda ke ajiye a Jami'ar Birmingham, ba ya kwaikwayon surar mutum ko wuri, siffofi ne da launuka kawai, salon da a wancan zamani kaɗan ne daga masu zanen Nijeriya suka kuskura suka taɓa. A wasu ayyukan kuma ta koma kan talakawa: matan kasuwa a "Market Women" na 1961, da mabarata a "Beggars" na 1963. Zaɓar mabarata a shekarun da ƙasa ke cikin ɗokin 'yanci ba ƙaramin abu ba ne.

Ta auri Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru wanda ya zama ministan lafiya na ƙasarsa daga 1984 zuwa 1988. Ta kasance cikin masu ba da shawara a shirye-shiryen bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka yi a Legas a 1977, daga baya ta koyar a Jami'ar Binin. A 1985 Cibiyar Asele da ke Nimo, wadda tsohon ɗalibin Zariya Uche Okeke ya kafa, ta karrama ta. Ta rasu a shekarun 1990.