Me Ya Sa Ake Rubuta “Shoe” Amma A Ce “Shu”?

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a firamare ya san wannan tarko. Malam zai rubuta “toe” a allo, ya ce wa yaro “to” ake faɗa, yatsan ƙafa ke nan. Sai ya rubuta “shoe” a ƙarƙashinta. Yaro ya bi abin da hankali ya ba shi, ya ce “sho”. Malam ya ce a'a, “shu” ne. In yaron ya yi ƙarfin halin tambayar dalili, amsar da ya fi samu ita ce haka Turanci yake, wani lokaci har da tsawa. Alhali dalilin na nan, kuma yaron bai ɓata da nisa ba. Da a Landan yake shekaru 700 da suka wuce, furucinsa ne za a ce daidai.

Kalmar ta girmi ƙasar Ingila kanta. A ƙarni na 5 ne ƙabilun Angul da Sakson da Jut suka ƙetaro teku daga yankin da a yau yake arewacin Jamus da Denmak, suka zauna a tsibirin Birtaniya, kuma da wannan kalma a bakinsu suka zo. A rubuce-rubucen Tsohon Ingilishi “scoh” ake rubuta ta. Danginta na nan har yau a harsunan da suka haɗa kaka da Ingilishi: Bajamushe na cewa “Schuh”, mutumin Holan “schoen”, na Suwidin da na Denmak “sko”, na Aisland kuwa “skór”. Mafi tsufan shaidarta a rubuce tana cikin harshen Got, wanda ya daɗe da mutuwa. A ƙarni na 4 wani bishop mai suna Wulfila ya fassara Baibul zuwa wannan harshe, kuma a wurin da ake maganar kwance igiyar takalmi, kalmar da ya yi amfani da ita “skohs” ce. Kwafin fassarar da aka rubuta da tawadar azurfa a ƙarni na 6 yana ajiye a Jami'ar Uppsala ta Suwidin. Daga waɗannan duka ne masana harsuna suka gano siffar da ta haife su, wato “skohaz”. A nan sawu ya ɗauke. Babu wata kalma a Latin ko Girkanci ko Sanskirit da aka tabbatar 'yar'uwarta ce, ko da yake wasu masana na danganta ta da wani tsohon saiwa mai ma'anar rufewa, wato takalmi shi ne murfin ƙafa.

Mai karatu zai lura cewa na arewacin Turai da “sk” suke farawa, Ingilishi kuwa da “sh”. Tun kafin shekara ta 1000 bakin mutanen Ingila ya tausasa wannan sauti, “sk” ya koma “sh”, duk da marubuta sun ci gaba da rubuta “sc”. Da mayaƙan Bikin suka mamaye gabashi da arewacin Ingila a ƙarni na 9, sai suka dawo da tsohon furucin cikin nasu kalmomin. Shi ya sa Ingilishi ke da “shirt” da “skirt”, taguwa da siket, waɗanda asalinsu kalma ɗaya ce: ta farko ta gida, ta biyu ta baƙi. Takalmi bai yi irin wannan tagwaye ba. “Sko” ta baƙin ba ta samu wurin zama ba.

Harafin “h” na ƙarshe kuwa, sauti ne da ake furtawa a maƙogwaro, kusa da yadda Balarabe ke furta “kh”. Sannu a hankali ya faɗi, kalmar ta zama “sho” da dogon wasali. Haka Chaucer, mawallafin da ya rasu a 1400, yake furta ta. Daga wajen lokacin ne, har zuwa wajen 1700, dogayen wasulan Ingilishi suka yi wata ƙaura da masana ke kira Babban Sauyin Wasula. Kowanne ya matsa ya shiga gurbin na gaba da shi, kamar mutanen da ke gyara sahu. Dogon “o” ya koma “u”, saboda haka “sho” ta zama “shu”, kamar yadda “do” ta zama “du”. Ita kuwa “toe”, a Tsohon Ingilishi “ta” ce. Wasalinta ya fara daga “a”, ya hau zuwa wani buɗaɗɗen “o”, sannan ya shiga gurbin da “sho” ta bari. Ana cikin wannan ƙaura William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster, a 1476. Maɗaba'a ta soma daskarar da ƙa'idar rubutu alhali baki bai gama tafiyarsa ba. Abin da yaronmu ke gani a allo hoton furucin da ne, abin da malam ke nema a bakinsa kuwa na bayan ƙaura ne.

Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kalmar ta tsira daga Faransanci. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun kwarara cikin Ingilishi, musamman a sha'anin mulki da shari'a da abinci da sutura. “Boot” daga can ta zo. Hatta sunan mai ɗinka sabon takalmi, “cordwainer”, ta hanyar Faransanci ya shigo, kuma asalinsa sunan birnin Ƙurɗuba ne na Andalus, wanda ya shahara da jimar fatar akuya. “Sandal” ta samo asali daga Girkanci ta hanyar Latin, “moccasin” kuma an aro ta a farkon ƙarni na 17 daga 'yan asalin yankin Bajiniya ta Amurka. Nau'o'in takalma sun yi ta karɓar sunayen aro, amma uwar kalmar ba ta gusa ba. Haka harsuna suka saba: abin da talaka ke ambata kullum safiya ya fi wuyar kawarwa.

Jam'inta ma ya sha gwagwarmaya. A Ingilishin tsakiyar zamani ana cewa “shoes”, ana kuma cewa “shoon”, da “n” irin na “oxen” da “children”. Chaucer ya yi amfani da duka biyun. A zamanin Shakespeare “shoon” ta riga ta zama maganar ƙauye da ta tsofaffin waƙoƙi, shi ya sa ya sanya ta a bakin Jack Cade, jagoran boren talakawa na 1450, da kuma a waƙar Ophelia cikin Hamlet. A Holan akasin haka ya faru. Can “schoe” ce tilo, “schoen” jam'i, amma da yake takalmi bibbiyu ake ambatonsa, jam'in ya cinye tilon, har sai da aka ƙirƙiro sabon jam'i, “schoenen”.

Ma'anar ba ta tsaya a ƙafar ɗan Adam ba. Ƙarfen da ake buga wa kofaton doki “horseshoe” ne, aikatau ɗin kuma “shoe”, wanda shuɗaɗɗensa “shod”. In ana sanyi ƙasa ta yi santsi, maƙeri kan bar kawunan ƙusoshin a waje don doki ya sami riƙo, a ce da dokin “roughshod”. Wanda irin wannan doki ya taka ya san ya taku, daga nan kalmar ta koma siffanta mai iko da ke murƙushe mutane ba tausayi. “Slipshod” kuwa a ƙarni na 16 mai jan silifa ko sakakken takalmi ake nufi, kafin ta koma nufin aikin ganganci. Daga doki ta wuce kan inji: ƙarfen da ke matse gangar taya in an taka birki “brake shoe” ne. A Amurka ɗan sandan ciki ya sami laƙabin “gumshoe”, saboda takalmin roba ba ya ƙara in ana bin sawu, wanda kuma ya fara sana'a da jari kaɗan a ce ya fara ta a kan “shoestring”, igiyar takalmi, don sirantarta.

Da Turawa suka zo ƙasar Hausa, abin da ya faru da Ingilishi a hannun Normawa ya so ya maimaita kansa. Mun ari bokiti da tebur da mota, a ɓangaren ƙafa kuma muka ari kambas da silifa da sandal. Takalmi dai bai gusa ba, har rufaffen na Bature ma sai muka raɗa masa suna na gida, sau-ciki. Ta wata ƙofar “shoe” ta shigo mana, a manne da sunan sana'a: shushaina, saurayin nan da ke ratsa unguwa yana ƙwanƙwasa akwatinsa na katako da buroshi, don mai takalmin da ke son gogewa ya ji shi daga cikin gida.