Tsintsiyar Hajiya da Injin Spangler



A gidanmu na Kudai ba agogo ke tada mutum ba. Ana sallame asuba za ka fara jin shar, shar, shar daga bakin ƙofa, ka san Hajiya ta sunkuya. Kakata ce, mahaifiyar Baba. Ta haura shekara 80, amma har lokacin da na zo hutu a 2024 da tsintsiyar laushi take bin mokit ɗin falo, irin gajeriyar nan da alhazai ke kawo mata tsaraba daga Kano. Likita ya ce bayanta ya gaji, ta daina duƙawa. Ita kuwa ta ce likitan yaro ne.

Sai na ce to, bari in sayo mata maknasa ta lantarki, irin ta tsaye wadda ake turawa kamar keken jariri. Da na faɗa mata, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai maigida, kuɗin cefane ba ka taɓa ajiye mini ba, sai abin da zai cika mini kunne da ƙara?" Ta ce ita da tsintsiya suka shigo garin nan, kuma da tsintsiya aka yi wa ubana kuɗin allo. Wannan maganar ce ta sa na koma karatu kafin in je kasuwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, injin da nake so in saya ɗin ma ɗan shara ne ya ƙirƙiro shi. Akwai wani a gabansa, wani injiniya a Landan mai suna Hubert Cecil Booth, wanda a 1901 ya ƙera injin tsotse ƙura. Amma nasa ƙato ne, doki ke jan sa, a ajiye shi a bakin titi a zura tiyo ta taga. Shi aka kai ya share dardumar majami'ar Westminster kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Kayan masu hali ne wannan. Na tsayen da muka sani daga hannun James Murray Spangler ya fito, wani dattijo da ke sharar kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka. Yana da ciwon asma, ƙurar dardumomin kantin tana neman ƙarasa shi. A 1907 ya samo ƙaramar mota ta lantarki da fanka da akwati da sandar tsintsiya, ya ɗaura rigar matashin kai a baya don ta tare ƙurar. A 1908 ya sami takardar mallakar fasaharsa, amma ba shi da jarin da zai ƙera da yawa. Sai ya sayar wa mijin 'yar uwarsa, William Hoover, wanda sana'arsa kayan fata ce na dawaki. Yau a Ingila kowane injin shara Hoover ne, kamar yadda a Kano kowane garin sabulu Omo ne, kowane dunƙule Maggi ne. Sunan mai jari ya zauna a bakin duniya, na mai tari kuwa sai ka buɗe littafi.

Na karanta wa Hajiya wannan a taƙaice. Ta ce, "Allah sarki, bawan Allah." Ban da wannan ba ta ƙara komai ba.

To mu koma gida. Larabawan Hijaz suna ce mana Takarna, ɗaya kuma Takaruni, daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal, sunan da ya zama na duk baƙin mutum da ya fito daga yammacin Afirka. Da Hausa muka mai da shi Takari. Duk wanda ya yi firamare a nan ya san yadda ake jefa kalmar a filin wasa, kuma ya san hoton da ke biye da ita: ɗan dako, mai tsintar gwangwani, mai shara. Ni dai na daɗe ina jin kunyar hoton nan, ba zan ɓoye muku ba.

Hoton kuma tsoho ne. A 1814 wani Bature ɗan Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, ya shigo Makka da sunan Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani a littafin da aka buga a 1829 bayan mutuwarsa. Ya ba da labarin alhazan Takrur da ke isowa ba ko sisi, nan take su kama aiki: dako, sharar tsakar gidaje, ɗebo itace daga duwatsu, gina murhun yumɓu, saƙa tabarma da kwando da ganyen dabino. Abin da ya lura da shi shi ne ba su cika bara ba, da guminsu suke tara guzirin komawa. Ku duba shekarar. Shehu Usmanu yana raye a lokacin, sai 1817 ya rasu.

Babbar ambaliyar mutanenmu ta biyo bayan zuwan Turawa. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya bar Sakkwato ya nufi gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. Daga nan hanya ta buɗe. Da aka fara noman auduga na Jazira a 1925, sai ta zama zangon da alhaji ke tsayawa ya yi ƙwadago shekara biyu, biyar, wani har ya mutu bai ga teku ba. Su Hajiya ta nan suka bi. Daga wani ƙauye kusa da Gumel suka tashi a 1958, ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda yanzu ake ce wa Njamena, da Abeche, har El Obeid inda ake samun jirgin ƙasa. A gonar auduga aka haifi Baba. Sun taka Jidda a 1962, shekarar da Saudiyya ta haramta bauta a hukumance. Hajiya ta ce a hanya babban abin da uwa ke tsoro shi ne a raba ta da ɗanta, shi ya sa ko barci za ta yi Baba yana ɗaure a bayanta.

Kakana ya yi dakon ruwa, ita kuma ta shiga gidajen mutanen gari tana shara da wanki. Gidajen lokacin ba mokit. Ƙasa ce da tabarma da kilishi, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, sannan a share. Shimfiɗar da ake mannewa daga bango zuwa bango kuɗin fetur ne ya kawo ta bayan 1973, tare da kwandishan da rufe tagogi. A nan ne tsintsiya ta fara shan kaye, don ita saman shimfiɗa take lasa, yashin Makka kuwa ƙasa yake nutsewa cikin gashin mokit, yana yanka zaren a hankali duk lokacin da aka taka. Hajiya tana shara kullum, amma ranar da muka ɗaga gefen shimfiɗar falo, abin da ke ƙasa ya isa a shuka gyaɗa.

Harami ma haka ya sauya. A tsofaffin hotuna za ku ga filin masallacin tsakuwa ce, da 'yan hanyoyi na dutse da suka miƙe daga ƙofofi zuwa wajen ɗawafi. Masu kula da tsabtar wurin da kunna fitilu a zamanin Usmaniyya su ne Agawat, bābānni da aka kawo galibi daga Afirka, masu rawani da matsayi, waɗanda manyan gari ke girmamawa. In ruwa ya sauko daga duwatsu, kamar ambaliyar 1941 da mutane suka yi ɗawafi da iyo, sai an yi kwanaki ana kwashe laka da hannu da kwando. Faɗaɗawar Saudiyya ta farko ta fara a 1955, a ƙarshen shekarun 1970 kuma, zamanin Sarki Khalid, aka kawar da tsakuwar aka shimfiɗa farin marmara. Yanzu motocin wanke daɓe ke zagayawa, ma'aikata suna ja da igiya suna killace wuri, kafin ka gama addu'a sun wanke sun wuce.

Ga abin da yawancinmu 'yan unguwa ba mu damu mu sani ba. Mutane sun san Kudai da tashar motocin alhazai da masana'antar ɗura zamzam da aka buɗe a 2010. Amma ma'aikatar wankin dardumomin Harami ma a nan Kudai take. Motocin da kuke gani shaƙe da naɗaɗɗun dardumomi can suke nufa. Da farko inji ke kakkaɓe ƙurar, a wanke da ruwa da sabulu, a matse, a shanya, sannan a bi da injin shara a fesa turare kafin a mayar. Ya'ani ƙurar ƙafafun duniya gaba ɗaya a bayan gidanmu ake zazzage ta.

Da na kawo mata zancen, Hajiya ce ta tuna mini hadisin baƙar matar nan da ke sharar masallacin Madina, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba, da ya tambaya aka faɗa masa, sai ya je kabarinta ya yi mata salla. Yana cikin Bukhari da Muslim. Na san shi tun ina Islamiyya, amma ban taɓa haɗa shi da matar da ke sunkuye a falonmu ba.

To, kasuwa. A nan abin da kowa ke saye shi ne barmil, mai kama da ganga, na Hitachi ko Panasonic, kuma suna da dalili: yana cin ƙura da yawa, ba ya saurin mutuwa, tiyonsa yana shiga bayan matasan majalisi. Mai kantin da na je shi ma shi ya yi ta tura mini, yana nuna mini lambar wat a jikin kwali kamar ita ce sadaki. Kada wannan ya ruɗe ku. Wat wutar da inji ke sha ce, ba ƙarfin tsotsarsa ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade injin shara a wat 1,600 a 2014, ta sake rage shi zuwa 900 a 2017, kuma gidajensu ba su cika da datti ba. Abin da ke fitar da yashi daga mokit shi ne burushin nan mai juyawa a bakin injin tsaye, wanda ke dukan shimfiɗa yashin ya taso iska ta ɗauke. Kamfanin Hoover ya inganta shi tun shekarun 1920. Dabarar da iyayenmu ke yi ce da sanda in sun rataye kilishi a igiya, kawai an sa mata mota.

Sai dai burushin nan ba shi da kunya. Yana cinye gezar darduma, yana naɗe zaren carbi, a kan tayil kuma watsa yashi yake yi. Don haka na nemi wanda ake iya kashe burushinsa da maɓalli, mai tiyo a gefe saboda lungu, mai matata da ake cirewa a wanke, don ƙurar gine-ginen Makka laushi gare ta kamar gari, cikin 'yan makonni take toshe numfashin inji. Na duba wutar gida kuma. Saudiyya ta yanke shawarar komawa bolt 230 tun 2010, amma tsofaffin gidaje irin namu an gina su da layin 127 da 220 a haɗe, kuma duk wanda ya taɓa ƙona redio a soket ɗin da ba nasa ba ya san zancen.

Inda na ci tura shi ne maganar jaka. Ni mai jaka nake so, don in ta cika sai ka cire ka jefar, ƙura ba ta dawo maka hanci ba, wanda ya fi wa tsohuwa. Marar jaka, wanda James Dyson ya fito da shi kasuwar Ingila a 1993 bayan ya ƙera samfuri 5,127, yana juya iska ne kamar guguwa ƙurar ta faɗa cikin gora mai haske. Hajiya, da na lallaɓa ta biyo ni kantin, tana ganin goran nan ta tsaya. Ta ce sharar da ba ka ga abin da ka tara ba, da me za ka san ka yi? Kalas, magana ta ƙare. Muka yi yarjejeniya cewa zubar da goran aikin ƙanena ne, a waje, ba ita ba.

A mota ta tambaye ni ina na san duk wannan, ko shi ake koya mana a jami'ar. A nan na faɗa mata abin da ban faɗa wa Baba ba. Shekara biyu ke nan, kwana uku a mako, daga shida zuwa tara na dare, ina sharar ofisoshi a Leeds, ina jan wani ɗan jan inji mai fuskar murmushi da ake kira Henry. Da shi nake cika kuɗin haya. Na zaci za ta yi salati. Sai ta kama dariya har tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Ashe gado ka je nema har Ingila." Daga baya ta ɗan yi shiru, ta ce abu ɗaya ne bai yi mata ba, sharar dare, ai tana korar arziki. Na ce mata da dare ake biya. Ta ce to Turawa ne za su tsiyace, ba ni ba.

Kwana uku injin yana jingine ba ta taɓa shi ba. A rana ta huɗu na fito bayan asuba na tarar ta kama hannunsa da hannu biyu, ta jingina nauyinta a kai kamar sanda, tana turawa a hankali daga bango zuwa bango. Ban taɓa ganin Hajiya tana shara a miƙe ba sai ranar. Da ta gama ta sa ƙanena ya ciro goran, ta ɗaga shi wajen haske tana juyawa, ta ce a kira Baba ya zo ya ga abin da yake salla a kai.

Tsintsiyar tana nan a bayan ƙofa. Da ita take bin matakala da bakin zaure, don ta ce injin ba ya hawa bene kuma ba ya gaida maƙwabta. Ƙanwata ta rubuto mini cewa da alhazan bana suka zo, ta sake aikawa a kawo mata guda biyu.